Daga Tsafe Zuwa Kekun Waje da Ƙafar Itace

Laraba: fita daga Tsafe

Ƙarfe biyar da rabi na asuba, ana idar da salla, na turo kekena daga zaure. Gari bai waye ba. Matata Kulu ta biyo ni har ƙofar gida da gorar ruwa da ƙullin ƙuli-ƙuli tana cewa, "Malam, don girman Allah ka bi mota." Na ce mata in ta sake ambatar mota, ta riƙe ƙuli-ƙulinta ma. Ta ɗaure mini su a kariyar keken.

Sunana Bawa. Wanzami ne ni, ubana wanzami, kakana wanzami. Wata goma sha huɗu kafin wannan tafiya kububuwa ta sare ni a hanyar 'Yankuzo, na dawo daga yi wa wani ƙaho. Kwana uku ana ta jiƙe-jiƙe kafin a kai ni asibiti Gusau, aka yanke ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa. A gadon asibitin nan wani maƙwabcina ya koya mini boko, shi ya sa kuke karanta wannan da rubutun hannuna.

Abin da ya fitar da ni kuwa shi ne zabirar babana, jakar fatar da ke ɗauke da asake da ƙahoni da almakashi. A gidanmu wanda ke rataye da ita shi ke da gidajen da muka gada: sunansu, kaciyarsu, askin dattawansu, da damin hatsin da suke ba wanzami in kaka ta yi. Tun da na kwanta, Labbo ke rataye da ita, ƙanena, ɗan Baba Nomau ƙanen mahaifina. Aro aka ce. Ran Talata da la'asar saƙo ya zo cewa an haihu a gidan Malam Ummaru na Kekun Waje, can bayan Bungudu, suna ran Alhamis. Mutanen 'Yankuzo ne da suka koma can neman gona tun zamanin ubana, ba su taɓa yarda askar wani gida ta taɓa jinjirinsu ba. Na ce to, a miƙo mini zabirata.

Baba Nomau ya dubi ƙafata ya ce, "Bawa, gidajen nan a ƙauyuka suke, inda mota ba ta shiga. Wanzami da ƙafa yake ci. Ka zauna gindin durumin kasuwa, mai son aski ya ishe ka."

Gindin durumi! Ni da na zagaye ƙasar nan tun Labbo yana yawo ba wando. Na ce, "Baba, daga ƙofar gidana zan hau keke har Kekun Waje, ba mota ba jaki." Ya ce ya ji. Ya karɓi zabirar ya rataye a ɗakinsa, ya ce wanda ya aske yaron nan a cikinmu shi ke da ita, kuma ya kawo masa rabon wanzami daga ragon suna ya gani da idonsa. A gaban mutum biyar ya faɗa.

Ba da ka na yi wannan cika baki ba. Mai sassaƙa wa mata turmi ya sassaƙa mini ƙafa, baduku ya yi mata maɗaurai, maƙeri ya ƙera wani ɗan ƙoƙon ƙarfe a kan fedar hagu inda kan itacen ke zama. Wata huɗu ina koyon hawa a fili bayan gari, ina faɗuwa ina tashi. Sai dai ban taɓa wuce mil biyar a rana ba, kuma wannan ban gaya wa kowa ba.

Ƙarfe shida saura kwata na iso shingen 'yan sanda a bakin gari, ganguna biyu da katako. Ga mutum uku a tsaye ana duba lambar kekunansu. Ɗan sandan ya haska ni da tocila, hasken ya sauka a kan itacen, sai ya ɗaga katako.

"Wuce, bawan Allah. Allah ya ƙara haƙuri."

"Ba ka duba lambata ba."

"Haba, wuce abinka."

"Na biya kuɗinta kamar kowa, sai ka duba ta."

Ya dube ni kamar mai taɓin hankali, ya sunkuya ya karanta lambar da ƙarfi. Sannan na wuce.

Kwatarkwashi, da motar Labbo

'Yan makonni ke nan da aka koma bin hannun dama a titi, direbobi duk a ruɗe suke. Ni kam gwamnati ta yi mini alheri ba ta sani ba. Ƙafata mai rai ta dama ce, in na ji babbar mota a baya sai in sauke ta a gefen daji in tsaya lafiya. Na wuce Magazu bakwai saura minti goma, jikina garau, har ina ɗan waƙa. Abu ɗaya na lura da shi: itace ba ya jin feda, saboda haka duk nauyina a kan hannuwa nake zubawa, na damƙe kan keken kamar wani zai ƙwace mini shi.

Daga ƙarfe tara rana ta fara aikinta. Bazara ce, kwalta har walƙiya take. Gumi ya cika kwarmin ƙafar, dungulmin ya fara zamewa a ciki yana gurzuwa. Goma da kwata na iso Kwatarkwashi, na jingine keke a gindin wata tsamiya da ke fuskantar dutsen garin, na kwance ƙafar don dungulmin ya sha iska, na cire hula na ajiye a ƙasa. Ko minti biyu ban yi ba sai na ji ƙwal. Wani mai babbar riga ya jefa kwabo a hulata ya wuce, ko sallama babu.

"Malam! Kai mai riga! Ka yar da kuɗinka!"

Ya waiwayo yana murmushi. "Sadaka ce."

"Wa ya roƙe ka?" Na wurga masa abinsa, ya gangara cikin kwata. Ya tafi yana cewa shi bai taɓa ganin gurgu mai girman kai irin wannan ba. Da ƙafar na ɗaure a jikina, wallahi da ya ga sauran.

Wata Bafillatana mai nono ce ta wanke mini zuciya. Na ce ta dama mini fura, ta ce sisi. Na ce a Tsafe taro ne. Ta ce to in koma Tsafe in sha. Muka yi ta ja, ko kwabo ba ta rage ba, ko kallon ƙafar ba ta yi ba. Na biya ina jin daɗi. Duk ranar nan ita kaɗai ta ɗauke ni mutum.

Sha ɗaya da rabi, na ɗan wuce garin, sai wata motar katako ta rage gudu a gefena. Ga Labbo a saman buhuna da kekensa a ɗaure. Ya buga wa direba ya tsaya.

"Yaya, hau mu tafi. Ba wanda zai ji."

Direban ya leƙo da goro a baki. "Baba, kyauta zan kai ka Gusau. Ranar ga ba ta wasa ba ce."

"Ban tsayar da ku ba. Ku ba ni hanya, kun tare mini iska."

Labbo ya ce, "Yaya, fuskarka fa ta yi fari."

"Fuskar ubanka ce za ta yi fari ran Asabar."

Suka ja suka bar ni da hayaƙi. Ubansa ƙanen ubana ne, na sani, amma bakin ya riga ni.

Gusau

Niyyata in kwana Bungudu. Ban isa ba. Daga Damba sau huɗu ina sauka, sau ɗaya ma ba sauka na yi ba, faɗuwa ce. Ƙarfe huɗu da minti ashirin na shiga Gusau, kusan mil talatin bisa lissafin duwatsun hanya. Na sauka a zauren wani wanzami da ke bayan tashar jirgi, abokin babana. A sana'armu baƙon wanzami ba ya kwana a kasuwa. Ya ba ni tabarma da ruwan zafi, aka kawo tuwon dawa miyar kuka.

Ina zaune a ƙofar zauren ina gasa dungulmin sai ga wani mutum ya taho a ƙasa. Ƙafafunsa biyu a shanye, yana dogara hannuwa a kan wasu 'yan katakai masu mariƙi, yana wurga jikinsa gaba. Kafaɗunsa sun yi biyun nawa. Ya yi sallama ya ce sunansa Tanko, babbansu na guragun unguwar ne ya ji an yi baƙo, ya aiko a gaishe ni, a kuma gaya mini in ina son wurin zama ran Juma'a akwai gefe mai inuwa da ba kowa.

Jama'a, ban san lokacin da na fara ihu ba. Na ce ya koma ya gaya wa babban nasu ni ba ɗansa ba ne. Na ce ni mai sana'a ne, daga Tsafe na taso da ƙarfina, ba a haife ni don in zauna bakin masallaci ina miƙa hannu ba. Na faɗi abin da ya fi haka muni, ba zan rubuta ba.

Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Mi ag gare ka da ba ni da shi, ban da baki? Miƙo hannunka in gani."

Ban miƙa ba, shi ya kamo shi. Ya juya tafin, ya danna gindin babban yatsa, na ji har ƙeya.

"Shekara talatin da hannu nike tahiya," ya ce. "Wanga hannu ya gaji. Ka naɗe kan keken da tsumma mai kauri, ka bar damƙe shi kamar wuyan ɓarawo. In da hali ka huta gobe. Ƙafa ta riga ta tafi, Malam, wanga ka tattala."

Na fizge hannuna na ce ban zo Gusau neman shawarar mabaraci ba. Ya ce, "Allah ba da sa'a," ya juya ya tafi a kan katakansa.

Alhamis: Bungudu zuwa Kekun Waje

Huɗu da rabi na tashi da fitilar keke. Tsumman ban naɗa ba, don kada a ce na ji maganarsa. Na yi salla a bakin wata rijiya, na shiga Bungudu bakwai saura minti goma, mil goma sha uku. Na sayi ƙosai na kwabo biyu na ci a tsaye, na tambayi mai ƙosan hanya. Ta ce in na bar kwalta sai in yi ta addu'a.

Gaskiyarta. Jar hanya ce mai gargada, amalanke da shanu sun cinye ta, ba dutsen mil balle in ce muku ga nisanta. Keken yana karkarwa tun daga taya har haƙorana. Inda yashi ne in sauka in tura, itacen yana nitsewa. Inda tauri ne in hau in ƙara damƙewa. Dungulmin ya fashe, na ji ɗumin jini a cikin kwarmin. Ina tafe ina zagin kububuwa, ina zagin Baba Nomau, ina zagin mai babbar riga. Tara da minti ashirin na hango rumfar suna.

An riga an raɗa suna, Haruna, an yanka rago. Labbo na zaune da askarsa a cinya tun sassafe. Malam Ummaru ne ya hana shi, ya ce Bawa ya ce zai zo, a jira shi har hantsi ya ɗaga. Da na shigo fili mutane suka miƙe. Wani ya yi kabbara, mata suka rangaɗa guɗa daga bayan zana. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin da ban ji ba tun ranar da na farka na ga bargo a shafe inda ƙafata take. Na dubi Labbo sai da ya sunkuyar da kai.

Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Itace ba ya lanƙwasuwa, saboda haka a gaban kowa na kwance ƙafar na jingine ta da bango, na zauna. Kakar yaron ta zauna gabana da shi a cinya, ga ƙwaryar ruwan ɗumi, ga sabulu. Na jiƙa kan. Ɗan kai kamar lemo, maɗigarsa tana bugawa a hankali a ƙarƙashin gashi. Na yi bisimilla na zaro aska.

Bakin askar yana rawa.

Na sauke hannun na girgiza shi, na sake ɗagawa. Rawa. Yatsun nan uku da nake riƙe aska da su tun ina ɗan shekara goma sha biyu, ban jin su sam, kamar na wani aka ara mini. Na tsoma hannun a ruwan ɗumi, na matse shi a cinya, na ce a ba ni minti biyar. Aka ba ni goma. Na kai askar har ta kusa taɓa gashin, na ga inuwarta tana kaɗawa a kan maɗigar yaron. Na ga tsohuwar ta ƙara matse shi a jikinta.

Zuciya tana ce mini yi kawai, ai hannu ya san hanya. Mil hamsin, jini a ƙafa, mutum biyar da suka ji alkawari, gindin durumi yana jirana. Ina iya yi, wataƙila in gama lafiya. To, kan ɗan mutum mai kwana bakwai fa, a kan wataƙila?

Na naɗe askar. Na ce, "Labbo, zo ka aske shi."

Ya aske shi tas, ko ƙwarzane babu, ni na koya masa ai. Ni kuwa na ja jiki bayan rumbu na zauna. Duk zagin da na yi a hanya ban zagi wanda ya kamata ba. Wata huɗu ina horar da ƙafar da ba ta aski, na manta da hannun da ke ciyar da ni, har Allah ya aiko mini mai gaya mini a Gusau na kore shi kamar kare. Tir da ni.

Juma'a: rabon wanzami

Kwana na yi a can. Da safe hannun ya dawo, sai ɗan tsami. Aka sauke ragon daga banda aka raba, Malam Ummaru da kansa ya ɗauko karfata, wato ƙafar gaban ragon, rabon wanzami, ya wuce Labbo ya ajiye a gabana. Na ce ba ni na yi aikin ba. Ya ce shi da namansa. Sannan ya cire hula ya zauna a tabarma ya juya mini ƙeya.

"Kaina ya yi wata biyu yana jiranka. In ka yanke ni, tsohuwar fata ce."

Na aske shi, ban yanke shi ba. Ya shafa kan ya ce, "Ko mi anka yanke a Tsafe, kan ga naka ne. In ka iya zuwa."

A bakin gari Labbo ya tare ni. Ya ce, "Yaya, ga nama a hannunka. Kai wa Baba kawai. Ni na rantse ba zan buɗe baki ba." Da kyakkyawar zuciya ya faɗa, shi ya sa ta fi kwabon mai babbar riga ciwo. Na ce masa zabirar ubana ba sadaka ba ce, ya je ya hau motarsa.

La'asar na iso Gusau. Na sami Tanko a gefen nan mai inuwa, jama'a sun watse. Na tsaya a kansa, ashe mai masaukina ya riga ya ba shi labarin abin da ya fito da ni. Ya dubi hannuna, ya dubi kan keken, ya ce, "Ka yanki yaron?" Na ce a'a, ban taɓa shi ba. Ya ce, "To, alhamdu lillahi. Kawo keken." Ya yage gefen zanen da yake zaune a kai ya naɗe mini mariƙan da kansa, ya nuna mini yadda ake sassauta yatsu a bar nauyi a tafi. Na ce ya yafe mini bakina. Ya ce ya ji wanda ya fi nawa.

Asabar: gida

Biyar na asuba na bar Gusau, biyu da kwata na shiga Tsafe. Ban biya gida ba, na zarce zauren Baba Nomau. Mutanen nan biyar suna nan, da ƙari. Na kwance karfatar na ajiye a gabansa. Ya dube ta, ya dubi Labbo, Labbo ya dubi ƙasa. Baba ya miƙe ya shiga ɗaki ya fito da zabirar ya nufo ni.

Na ce, "Baba, na je da kekena na dawo da kekena. Amma Labbo ya aske yaron. Hannuna ya yi rawa."

Ya tsaya da ita a hannu, ya daɗe. Na ɗauka zai ce wani abu, har yau ina jin haushin da bai ce ba. Magana an yi ta a gaban mutane, ba ta komawa. Ya juya ya rataya wa Labbo. Na ga maɗaurinta da ya yi baƙi da gumin ubana ya kwanta a kafaɗar wani, na fita ban yi sallama ba. Kulu ta ga fuskata, ta ɗora ruwan zafi.

Shekara guda ke nan cif. Gindin durumi ban zauna ba, ba kuma zan zauna ba. Kai ɗaya ya rage mini a duniya wanda na gada, yana mil hamsin daga ƙofata, kuma kowane wata ina hawa in je in aske shi in dawo. Yanzu yini ɗaya nake yi. In na sauka sai in miƙe hannu a gaban Malam Ummaru da aska a kan tafi, mu duba tare. Wata biyar na farko tana rawa. Yanzu ko motsi.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa masassaƙi da baduku da maƙeri, da mai masaukina na bayan tasha, da Tanko, da Bafillatanar da ta tsawwala mini fura. Mai babbar riga kuwa, kwabonsa na nan cikin kwata a Kwatarkwashi.

Haruna ya fara tafiya, har yana kama ƙafar itacen ya miƙe. In ya cika shekara bakwai za a yi masa kaciya, kuma na riga na gaya wa ubansa da Labbo da Baba Nomau, kowa ya ji da kunnensa: wannan aikin nawa ne, a kan keke zan zo. Saura shekara shida.